Na'urar Karatu: Yadda Ɗokin Tsofaffin Masoyanta Ya Kwanta

Ranar 19 ga Nuwamba, 2007, Jeff Bezos, wanda ya kafa kamfanin Amazon, ya tsaya gaban 'yan jarida a birnin New York riƙe da wata farar na'ura da ba ta fi ƙaramin littafi faɗi ba. Sunanta Kindle, kuɗinta dala 399, aikinta kuwa guda ɗaya tak, wato karanta littafi. Ba ta da wani fasali, maɓallai sun cika ta, kuma duk lokacin da aka juya shafi sai fuskarta ta yi baƙi wuluk kafin rubutu ya bayyana. Amma cikin awa biyar da rabi aka wawashe duk wadda aka tanada, masu nema suka shafe kusan wata biyar suna jiran a kawo wasu.

Bayan shekara 17, a watan Oktoban 2024, kamfanin ya fito da abin da aka daɗe ana roƙonsa, Kindle mai launi, wadda ya raɗa wa suna Colorsoft. Ta fi kakarta rashin nauyi, ta fi ta sauri, tana da fitilarta, ruwa ba ya yi mata illa. Sai dai da yawa daga cikin waɗanda suka yi rububin na'urorin farko sun kalli hotonta, sun kalli farashinta, sannan suka miƙa hannu suka ɗauko tsohuwar da ke gefen matashinsu, suka ci gaba da karatu daga inda suka tsaya.

Waɗannan fa su ne 'yan gani-kashe-nin harkar. A da su ne ke jiran watan Satumba da Oktoba, lokacin da kamfanoni ke baje sababbin kaya, kamar yadda yara ke jiran ɗinkin sallah. Sun san bambancin fuskar na'urar bana da ta bara, sukan sayi sabuwa su miƙa wa ƙani ko ɗa tsohuwa. Har yau suna karatu, kuma a kan na'urar suke yi. Wasunsu kan cinye littafi biyu ko uku a mako. Ɗokin sabuwa ne kawai ya kwanta. Ruwa kuwa ba ya tsami banza.

Allon da ake wankewa da lantarki

Kafin a gane dalilin wannan sanyin jiki, sai an san yadda na'urar take. Fuskar waya da ta kwamfuta tamkar fitila ce, haske take harbowa cikin ido, kuma tana shan wuta muddin tana kunne. Fuskar na'urar karatu daban take. A ƙarƙashin gilashinta akwai miliyoyin 'yan ƙananan ƙwayoyi, kowace kaurinta kamar na silin gashi, cike da ruwa garai-garai. A cikin ruwan akwai garin fenti fari da baƙi, kowane launi da irin cajin lantarkinsa. In aka turo wuta ta wata hanya, farin ya taso sama baƙin ya nutse. In aka juya, baƙin ya taso. Da haka ake zana haruffa. Da zarar shafi ya zauna ba ya ƙara neman wuta, ko batir ya mutu rubutun yana nan daram. Shi ya sa caji ɗaya ke kai makonni, shi ya sa kuma ake iya karatu da ita a tsakar rana kamar takarda. Wanda ya yi makarantar allo zai gane abin nan take: a rubuta, a karanta, a wanke, a sake rubutawa, allon kuwa shi ne dai na jiya.

An haifi wannan fasaha ta tawadar lantarki a jami'ar MIT ta Amurka, inda Farfesa Joseph Jacobson da ɗalibansa suka ƙirƙiro ta, suka kafa kamfanin E Ink a 1997. Kamfanin Sony ne ya fara saka ta cikin na'urar karatu, mai suna Librie, a Japan a 2004, sannan ya kai wata Amurka a 2006. Abin da Amazon ya ƙara shi ne shago. Kindle ta farko ta zo da littattafai kusan 90,000 na sayarwa, mutum yana zaune a ɗakinsa zai sauke wanda yake so ta layin wayar salula cikin ƙasa da minti ɗaya, ba tare da biyan kuɗin data ba, kuma da yawa daga cikin sababbin littattafan da ke tashe dala 9.99 ne kuɗinsu.

Shekarun rububi

Daga 2007 zuwa 2014, kusan kowace shekara tana zuwa da maganin wata damuwa ta gaske. Ana kukan tsada, sai gasa ta kankama: kantin littattafai na Barnes & Noble ya fito da Nook a 2009, Kobo ta ɓullo daga Kanada a 2010. Farashin Kindle mafi araha ya sauko zuwa dala 139 a 2010, ya koma dala 79 a 2011 ga wanda ya yarda a riƙa nuna masa talla. Ana kukan rubutu ya yi dishi-dishi, sai aka fito da fuska mai baƙi sosai a 2010. Ana kukan ba a iya karatu a duhu sai an maƙala wata 'yar tocila, sai Nook ta zo da fitilar cikin jiki a farkon 2012, Kindle Paperwhite ta biyo baya a ƙarshen shekarar. A 2014 Kobo ta fitar da Aura H2O wadda ba ta jin ruwa, Amazon kuma ya fitar da Voyage mai ɗigo 300 a kowane inci, kusan ninki biyu na ɗigo 167 da ta farko ke da shi.

Duk wanda ya sayi sabuwa a waɗancan shekaru, idonsa kan ga bambanci tun daga shafin farko. Kasuwa ma ta nuna haka. A watan Mayun 2011 Amazon ya sanar cewa a duk littafin takarda 100 da ya sayar, yana sayar da na Kindle 105. Kamfanin IHS iSuppli mai bibiyar cinikin kayan lantarki ya ƙiyasta cewa an fitar da na'urorin karatu miliyan 23.2 a duniya a shekarar 2011.

Daga nan guguwar ta fara lafawa. Kamfanin Apple ya riga ya fito da iPad a 2010, kwamfutocin hannu masu araha suka cika kasuwa, wayoyi suka ƙara faɗin fuska. IHS iSuppli ya yi hasashen adadin zai faɗo zuwa miliyan 14.9 a 2012. Sony, wanda ya share fagen, ya tattara ya bar harkar a 2014. Binciken cibiyar Pew ya nuna cewa Amurkawa manya da suka ce suna da na'urar karatu sun ragu daga kashi 32 cikin ɗari a farkon 2014 zuwa kashi 19 a 2015. A shekarar ce kuma kantunan Waterstones na Birtaniya suka kwashe Kindle daga kantocinsu, suka mayar da littattafan takarda a gurbinta.

Waɗanda suka watse a wancan lokaci 'yan kallo ne, waɗanda yayi ya kwaso. Masu karatun gaske sun tsaya. Sanyin da ake gani yanzu nasu ne, kuma dalilansa daban ne.

An kai makura

Dalili na farko shi ne na'urar ta gama girma. Ɗigo 300 a inci ya kai inda idon ɗan Adam, daga nisan da ake riƙe littafi, ba ya iya rarrabe ɗigo da ɗigo. Harafi yakan fito sumul kamar na maɗaba'a. Voyage ta kai nan a 2014, Paperwhite mai araha ta kamo ta a 2015. Paperwhite ta 2024, bayan shekara goma, ɗigo 300 ɗin nan dai take da shi. Abin da ya canza a tsakani shi ne faɗin fuska daga inci 6 zuwa 6.8 zuwa 7, haske mai ruwan ɗorawa don karatun dare, ramin caji irin na wayoyin yanzu, da saurin juya shafi da kamfanin ya ce ya ƙaru da kashi 25 cikin ɗari. Duk gyare-gyare ne masu kyau. Amma mai karatu yakan ɗauki kusan minti guda a kan shafi, saboda haka ragin wani ɗan tsagi na daƙiƙa wajen juyawa bai isa ya sa shi zaro dala 160 daga aljihu ba.

Akwai kuma batun tushe ɗaya. A 2009 wani kamfanin Taiwan mai suna Prime View International ya sayi E Ink, daga baya ya ɗauki sunan. Yau kusan duk na'urar karatu da ke kasuwa, Kindle ce ko Kobo, Nook, PocketBook, Tolino ta Jamus ko Boox ta ƙasar Sin, daga wajensa take samun fuskarta. Tuwon tukunya ɗaya ne ake zubawa a kwanuka daban-daban. In E Ink bai fito da sabon abu ba, babu wanda zai fito da shi, kuma kamfanin yana da wasu kasuwannin da ke ɗauke masa hankali, musamman 'yan allunan farashi da manyan kantuna ke liƙawa a jikin kantoci.

Sai batun ƙarko. Waya kan gaji cikin 'yan shekaru domin manhajoji suna ƙara nauyi, hotuna da bidiyo suna cika ta, batir yana shan caji kullum. Littafin labari kuwa rubutu ne zalla, nauyinsa na 2025 shi ne nauyinsa na 2010. Batirin da ake cajinsa sau ɗaya ko biyu a wata yakan daɗe bai tsufa ba. In dai gilashin bai fashe ba, na'urar da aka saya shekara takwas ko goma da suka wuce tana buɗe littafin da ya fito jiya. Tawa ta haura shekara takwas a hannuna, gefenta ya goge, amma ban taɓa buɗe ta na ji tana bina bashin wani abu ba. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma wanda zumarsa ke aiki ba ya zuwa kasuwa neman wata.

Launi ya zo da wahalarsa

Kamfanoni sun san wannan, shi ya sa suka sa ran launi zai farfaɗo da ɗokin. Kobo ta fitar da Libra Colour da Clara Colour a Afrilun 2024, Amazon ya biyo da Colorsoft bayan wata shida. Sai dai launin tawadar lantarki, irin wanda ake kira Kaleido, wata siririyar matata ce mai ja da kore da shuɗi da ake shimfiɗawa a kan fuskar fari da baƙi. Tana ba da launuka 4,096, masu taushi irin na tsohuwar jarida, kuma a wajen launi ɗigon yakan ragu zuwa 150 a inci. Matatar tana kuma tare wani kaso na hasken da ke shiga, sai farin shafi ya ɗan yi toka-toka. Dole a riƙa kunna fitilar ciki ko da rana, batir kuma ya rage daɗewa.

Ga mai karanta littattafan zane-zane, ko na yara, ko na girke-girke, ko ɗalibin da ke son ja wa layuka launi daban-daban, wannan ci gaba ne. Ga mai karanta labari ko tarihi, launin yana ƙarewa ne a bango. Daga shafi na ɗaya har na ƙarshe baƙin rubutu ne a kan fari, kuma a nan tsohuwar na'urarsa ta fi sabuwar fitowa tas. An nemi ya biya dala 280, maimakon 160 na Paperwhite, don ya samu bango mai launi da shafi mai ɗan duhu. Ƙari a kan haka, wasu daga cikin waɗanda suka fara sayen Colorsoft sun koka da wani ratsin rawaya a ƙasan fuskarta, har Amazon ya amsa matsalar ya yi tayin canza musu ko mayar musu da kuɗinsu.

Hanya ta biyu da kamfanoni suka bi ita ce manyan na'urori masu alƙalami: reMarkable ta ƙasar Norway, Elipsa ta Kobo a 2021, Kindle Scribe mai inci 10.2 a 2022. Waɗannan littattafan rubutu ne na lantarki, sun dace da ma'aikacin ofis da mai nazari. Wanda ke karatu kwance a gado da hannu ɗaya ba zai iya ɗaga su na awa biyu ba. Ta uku ita ce ƙirƙirarriyar basira: a 2025 Amazon ya fara ba masu Kindle a Amurka taƙaitawar littattafan da suka gabata a jerin labari, don tuna wa mai karatu inda aka kwana. Tsohon mai karatu, wanda jin daɗinsa shi ne ya bi labari layi-layi da kansa, bai taɓa roƙon a taƙaita masa ba.

Abin da aka zare

Da a ce abin ya tsaya ga rashin sabon abu, da sanyin bai kai haka ba. Masu daɗewa a harkar suna riƙe da lissafin abubuwan da aka cire musu. Kindle ta farko tana da ramin saka katin ajiya, kuma mai ita zai iya buɗe bayanta ya canza batir da kansa. Ta biyu, a 2009, ta zo babu ko ɗaya. Ramin abin sauraro na kunne da lasifika, waɗanda Kindle ta 2010 ke da su, sun ɓace daga Paperwhite.

Wanda ya fi zafi shi ne maɓallin juya shafi. Ga wanda bai saba ba ƙaramin abu ne, ga wanda ya saba kuwa shi ne rabin daɗin na'urar. Babban yatsa yana kwance a wuri ɗaya, sai dannawa kawai, ba ɗagawa, ba shafa gilashi, ba kuskuren tsallake shafi. Mai jego da jariri a hannu ɗaya, tsoho mai ciwon gaɓoɓi, mai tsaye a jirgin ƙasa riƙe da ƙarfe, duk sun san amfaninsa. Kindle Oasis, wadda ta fara fitowa a 2016, ita ce ta ƙarshe mai maɓalli a gidan Amazon, kuma a 2024 aka daina yin ta. Yanzu har wata 'yar kasuwa ta buɗe ta wasu ƙananan na'urori da ake maƙalawa a gefen fuska, mutum ya riƙe madanni a hannu yana juya shafi daga nesa. Jama'a suna saye da kuɗinsu abin da a da yake zuwa a jikin na'urar.

Fuskar farko ma ta canza. A da in ka kunna, jerin littattafanka za ka gani. Yanzu kaso mai yawa na wurin ya koma na littattafan da shago ke son ka saya, kuma a kan masu araha talla ce ke zama a fuska duk lokacin da aka kulle, sai an biya ƙarin dala 20 a cire.

Littafin na wane ne?

Abin da ya fi ci wa tsofaffin masoyanta tuwo a ƙwarya shi ne mallaka. Wanda ya sayi littafin takarda ya zama nasa: ya ba da aro, ya sayar, ya yi kyauta, ya bar wa magada. A gidajen malamai akan ga littafin da ya ratsa hannun kaka da uba da jika, kowa da hashiyarsa a gefen shafi. Wanda ya danna maɓallin saye a shagon Kindle kuwa izinin karantawa ya biya, haka yake a rubuce cikin sharuɗɗan kamfanin. Yawancin littattafan manyan maɗaba'u an ɗaure su da wani kulle da ake kira DRM, wanda ke hana buɗe su a na'urar wani kamfani.

Tun da wuri aka ga inda wannan zai iya kaiwa. A watan Yulin 2009, wasu masu Kindle suka wayi gari littattafai biyu na George Orwell da suka saya sun ɓace daga na'urorinsu: 1984 da Animal Farm, wanda Bala Abdullahi Funtuwa ya fassara zuwa Hausa da sunan Gandun Dabbobi. Amazon ne ya goge su daga nesa, domin wanda ya saka su a shagon ba shi da haƙƙin sayarwa. An mayar wa mutane kuɗinsu, Bezos ya nemi afuwa a bainar jama'a, wani ɗalibi a jihar Michigan da bayanan karatunsa suka tashi a banza ya kai ƙara, aka sasanta a kan dala 150,000. Amma kowa ya gane cewa hannun da ya saka littafi a na'urar yana iya zare shi.

Shekarun da suka biyo baya sun ƙara tabbatar da fargabar. Microsoft ya rufe shagon littattafansa a 2019, littattafan da aka saya suka daina buɗuwa, aka mayar da kuɗi. A Agustan 2022 wasu tsofaffin Kindle suka rasa damar shiga shago daga jikinsu, alhali suna aiki ƙalau. Amazon ya rufe shagon Kindle na ƙasar Sin a ƙarshen Yunin 2023. Sai ranar 26 ga Fabrairun 2025, aka cire hanyar da mai saye ke bi ya sauke littafinsa daga shafin kamfanin zuwa kwamfuta, ya tura wa na'ura ta igiyar USB. Mutane ƙalilan ne ke amfani da ita, amma su ne dai tsofaffin nan, kuma ita ce hanyarsu ta ajiye kwafin abin da suka biya a wurin da babu mai iko da shi sai su. A makonnin da suka gabaci ranar, masu ɗaruruwa da dubban littattafai sun zauna suna sauke su ɗaya bayan ɗaya. A farkon shekarar ce kuma wata doka ta fara aiki a jihar California, wadda ta tilasta wa masu sayar da kayan intanet su faɗa wa mai saye ƙarara cewa lasisi yake biya.

Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Wanda ya gane cewa ɗakin karatun da ya tara cikin shekara goma sha biyar aro ne, ba zai yi murnar sabuwar na'urar da za ta ƙara ɗaure shi ga mai kayan ba.

Kasuwa tana ci, masu saye ne suka canza

Kada a ɗauka harkar ta mutu. A bikin Oktoban 2024 Amazon ya ce cinikin Kindle na shekarar da ta gabata shi ne mafi yawa cikin shekara goma, kuma akasarin masu sayen ba su taɓa mallakar ta ba. Matasa ne da yawa, waɗanda suka haɗu da littattafai ta bidiyoyin TikTok, suke neman abin da zai raba su da ƙarar waya na awa ɗaya ko biyu. Sukan saka mata riga mai gani-har-hanji, su liƙa mata hotuna, su nuna wa juna. Ɗokinsu na gaskiya ne, irin wanda na gabansu suka yi a 2010.

Wannan ya bayyana inda hankalin kamfani ya karkata. Tun a 2012 Bezos ya shaida wa BBC cewa suna sayar da na'urorin ne a kan kuɗin da aka kashe wajen ƙera su, ribar tana zuwa daga abin da mutane ke saye a kansu. Na'urar ƙofar shago ce. A 2014 aka ƙara da Kindle Unlimited, inda ake biyan kuɗin wata-wata a karanta daga wani rumbu, ranar da aka daina biya littattafan su tafi. Sabon shiga da ya yi rajista ya fi kawo riba a kan tsohon da ke da littattafai dubu a kwamfutarsa, yake neman maɓalli da ramin kati da 'yancin fita da kayansa. Tsofaffin sun lura cewa ba don su ake ɗinka sabuwar rigar ba, sai suka daina zuwa gwaji.

Inda ɗokin ya koma

Wasu sun koma Kobo, wadda kamfanin Rakuten na Japan ya saya a kan dala miliyan 315 a cinikin da aka sanar a 2011. Har yanzu tana yin masu maɓalli, tana buɗe littattafai masu sigar EPUB kai-tsaye, kuma a 2024 ta haɗa kai da kamfanin iFixit don samar da kayan gyara da bayanin yadda ake canza batir da fuska. Wasu sun koma PocketBook, wasu Boox mai manhajar Android, wadda ake iya saka mata shagunan kamfanoni daban-daban. Ƙaramarta mai girman waya, Palma, ta samu karɓuwa bayan fitowarta a 2023. Wasu kuma kasuwar na-hannu suke bi suna neman Voyage ko Oasis mai lafiya, su ajiye ta biyu saboda ranar da ta farko za ta gaza.

Da yawa ɗokinsu ya tashi daga ƙarfe ya koma kan littafin kansa. Suna amfani da Calibre, manhaja ta kyauta da Kovid Goyal ya fara rubutawa a 2006 don na'urar Sony da ya saya, wajen tsara littattafansu da sauya musu siga. Wasu kan ɗora wa tsohuwar na'ura manhajar KOReader, ta dawo kamar sabuwa. Suna ɗibar tsofaffin littattafai kyauta daga Project Gutenberg, wanda Michael Hart ya fara a 1971, yanzu yake da sama da 70,000. Suna aro daga ɗakunan karatu na gwamnati ta manhajar Libby. Suna neman maɗaba'un da ba sa kulle littafi, irin su Tor da ta cire kullen tun 2012. Suna kuma sa ido kan dokar batir ta Tarayyar Turai ta 2023, wadda daga 2027 za ta buƙaci yawancin ƙananan na'urori su zo da batirin da mai kaya zai iya canzawa.

Abin da ya shafe mu

A ƙasar Hausa na'urar karatu ba ta taɓa zama ruwan dare ba. Ƙungiyar Worldreader ta fara raba Kindle a wasu makarantun Ghana a 2010, amma daga baya ta mayar da ƙarfinta kan waya, domin ita ce ke hannun kowa. Rahoton UNESCO na 2014 kan karatu ta waya, wanda ya haɗa da Nijeriya da Ghana, ya nuna haka. Littattafan Hausa na zamani ma a waya suke yawo, a WhatsApp da Wattpad da manhajojin sayar da littafi.

Amma batun mallaka ya riga ya iso mu. Shagon littattafan intanet na OkadaBooks, wanda Okechukwu Ofili ya kafa a 2013, kuma marubutan Hausa da dama suka sayar da littattafansu a kai, ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Tambayar da mai Kindle a Amurka ke yi ita ce mai karatu a Kano ko Maraɗi ya kamata ya yi kafin ya biya: in shagon nan ya rufe gobe, me zai rage a hannuna? Marubuci ma ya ajiye kwafin aikinsa a inda yake da iko, ya kuma guji zuba duk littattafansa a rumbun mutum ɗaya.

Ga wanda ke sha'awar na'urar kuwa, wannan sanyi na masu ita albishir ne. Ta hannu da aka yi daga 2015 zuwa sama, in tana da fitila da ɗigo 300, ta isa. A duba lafiyar batir, a duba ko tana karɓar littafi daga kwamfuta, a kuma gwada ta da rubutun Hausa, domin ba kowane salon haruffa ke ɗauke da ɓ, ɗ da ƙ ba. A inda wutar lantarki ke zuwa da wuya, na'urar da caji ɗaya ke kai ta makonni, ɗauke da littattafai dubu, ta fi amfani nesa ba kusa ba fiye da a garuruwan da aka ƙera ta dominsu.

Akwai kayan aikin da suka daɗe da samun sifarsu ta ƙarshe. Babu manomin da ke jiran samfurin fartanya na baɗi, babu uwargidan da ke ɗokin sabon salon ludayi. Abin da ake nema a gare su shi ne su yi ƙarko, su zauna daidai a hannu, in ƙota ta karye a samu mai gyara, kuma in an saya su zama na mai su. Na'urar karatu ta shiga wannan sahu tun kusan 2014, kuma buƙatun tsofaffin masoyanta ke nan: batirin da za a iya canzawa, maɓalli a ƙarƙashin yatsa, da littafin da ba mai iya zarewa. Duk kamfanin da ya haɗa waɗannan uku zai same su suna jira. Kafin nan, in dare ya yi gida ya yi tsit, za su ɗauko mai gogaggen gefen nan, su rage haskenta, kuma kafin su kai ƙarshen shafi na biyu sun manta da cewa na'ura ce a hannunsu.